Yaron Shago Ya Kwanta Ciwo, Wa Zai Biya Asibiti?

Yau za mu ɗan ajiye maganar farashin gero da dawa da riɗi, mu taɓa wani kuɗi wanda ba ya fitowa a lissafin kowa sai ranar da ya zo ya tsaya a ƙofar shago, watau kuɗin jinyar yaran da ke yi mana aiki.

Abin da za mu kawo misali da shi ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa wurin lodi. Mota ta ja baya ta tsaya a bakin sito, an jingina katako, yara suna hawa da buhu mai kilo 100 a ka. Katako ya zame, buhu ya faɗo wa yaro a ƙafa, ƙashi ya karye. Maigida ya zo a gigice, ya sa hannu aljihu, ya ce a kai shi wurin mai ɗori. Bayan mako biyu ƙafa ta kumbura, aka ce sai asibiti, sai hoton ƙashi, watakila ma sai an yi aiki. Maigida ya ƙara wani abu, ya ƙara kuma, daga nan ya ce, "Ai na yi iyakar ƙoƙarina, sauran sai 'yan'uwansa." Kafin wata ya cika an sami wani yaro ya tsaya a gurbinsa. Shi kuwa yana gida a kan tabarma, ba lada, ba magani, ga mata ga 'ya'ya.

A kasuwa ba wanda zai ce wannan maigida mugu ne. Wasu ma yaba masa za su yi, su ce Alhaji ya kyauta. To, amma doka ba haka take kallon al'amarin ba. A wurinta abin da Alhaji ya bayar alheri ne, kuma alheri ba ya biyan hakki. Hakkin yaron nan yana nan a rubuce cikin dokoki uku na Gwamnatin Tarayya, kuma ya kamata kowane mai ɗaukar mutane aiki ya san su kamar yadda ya san kuɗin haya da na haraji.

Doka ta farko: inshorar lafiya

Tun 1999 aka yi dokar soja mai lamba 35 wadda ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, amma bai fara aiki sosai ba sai 2005, zamanin Shugaba Obasanjo. A lokacin shiga ba tilas ba ce, saboda haka yawancin waɗanda suka amfana ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke waccan, ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ake kira NHIA a taƙaice. Babban abin da ya sake shi ne, yanzu inshorar lafiya wajibi ce a kan duk mazaunin Nijeriya. Dokar ta ambaci masu ɗaukar ma'aikata da sunansu: duk wanda ke da ma'aikata 5 ko fiye, na gwamnati ne ko mai zaman kansa, shi da ma'aikatansa sun shiga ciki. Ta kuma ambaci masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa waɗanda ba su da albashin ofis.

To, Alhaji, ƙirga mutanenka. Yara biyu a kanti, ɗaya a sito, direba, mai gadi. Ka ga biyar ke nan, tun ba a zo kan akawu ba.

Yadda abin ke tafiya shi ne, ana tara kuɗi kaɗan-kaɗan kowane wata daga mutane masu yawa, wanda ciwo ya kama sai a yi masa magani daga cikin tarin. Kusan adashi ne, sai dai shi wannan ba a kwasa bi da bi, mai lalura ne ke kwasa. Ƙa'idar da tsarin tarayya ya shimfiɗa wa kamfanoni masu zaman kansu ita ce maigida ya ba da kashi 10 cikin ɗari na ainihin albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikaci a cire masa kashi 5. Da wannan za a duba shi, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa 4 waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mai iyali da yawa yana iya ƙara kuɗi a sa masa sauran. Ana ba kowa kati, ya zaɓi asibitin da zai riƙa zuwa. Tsakanin mai biya da asibiti akwai kamfanonin da ake kira HMO, su ne ke karɓar kuɗi su sallami asibiti. Dillalai za su fahimci wannan da sauri, domin aikinsu guda ne: tsayawa tsakanin mutum biyu a tabbata kowa ya sami abin da aka yi ciniki a kai.

Jihohi ma suna da nasu. A Kano tun 2016 aka yi dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda ake kira KSCHMA, kuma jihohi da dama na Arewa sun kafa irinta. Kowace jiha da nata farashi da jerin cututtukan da take ɗauka, saboda haka kafin ka sa hannu ka nemi a karanta maka abin da ke ciki da abin da ba ya ciki, kamar dai yadda ba ka sayen buhu sai ka soka ka ga ƙwaya.

Tanbihi guda a nan. Wanda ya cire kason ma'aikaci daga albashinsa, kana ya riƙe bai kai inda ya kamata ba, ya aikata laifi a doka. Kuɗin nan ba nasa ba ne, amana ce a hannunsa.

Doka ta biyu: diyyar rauni a wurin aiki

Mutane da yawa suna haɗa wannan da ta farko, alhali kuwa dabam suke. Inshorar lafiya ta zazzaɓi ce da hawan jini da haihuwar matar yaronka. Diyya kuwa ta wanda aikinka ne ya ji masa rauni, ko ya sa masa cuta, ko ya yi sanadin ajalinsa, kamar yaron nan da buhu ya faɗo wa.

A da akwai dokar diyyar leburori ta 1987, wadda ta ɗora biyan diyya a wuyan maigida kai tsaye. A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata, aka miƙa gudanar da ita ga asusun da ake kira NSITF. Abin da ake nema wurin maigida shi ne ya yi rajista, ya riƙa biyan kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya kowane wata. Wannan kuɗi daga aljihunsa zai fito shi kaɗai. Dokar ta hana a cire ko kwabo daga ladan ma'aikaci saboda shi.

Wani zai ce, "Ai wannan ta mutanen ofis ce da na masaƙa, mu ba takarda muke yi da yaranmu ba." Dokar ta toshe wannan ƙofa. A wurinta ma'aikaci shi ne duk wanda aka ɗauka aiki, da takarda ko da baki, na dindindin ko na wucin gadi, na yini ɗaya-ɗaya ko mai koyon sana'a, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Kuma ba ta ce sai kana da mutum biyar ba. Ko yaro ɗaya gare ka, ta hau kanka.

Ba cikin shago kaɗai take aiki ba. Idan yaro ya yi haɗari a hanyarsa daga gida zuwa wurin aiki, ko daga aiki zuwa gida, ko zuwa inda ya saba cin abinci, ko inda yake karɓar ladansa, dokar ta lissafa wannan cikin raunin aiki. Ta kuma ɗauki cututtukan da sana'a ke jawowa da kurumtar da ƙarar inji ke sawa. Masu injin niƙa, da masu tankaɗen riɗi da zoɓo a cikin ƙura, da masu feshin maganin ƙwari a sito, su lura da wannan.

Me asusun ke yi wa wanda ya ji rauni? Yana ɗaukar kuɗin asibiti da magani da aikin likita, har da sanda ko ƙafar roba in ta kama. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har ba zai sake iya aiki ba, ana biyansa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa wata-wata. Idan rai ya yi halinsa, aka bar mace da 'ya'ya biyu ko fiye waɗanda da shi suka dogara, su ma kashi 90 ne wata-wata. Ga maigida kuma akwai tasa fa'ida, domin diyyar asusun tana tsayawa ne a madadin ƙarar da za a kai shi a kan wannan rauni.

Bari mu yi lissafi

Mu ɗauka kana da yara 6, kuma don sauƙin lissafi mu ce kowa N70,000 yake ɗauka a wata, watau mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta tsayar a 2024. Jimla N420,000. Kashi 1 na diyya N4,200 ne a wata, N50,400 a shekara. Kashi 10 na inshorar lafiya N7,000 ne a kan kowane yaro, N42,000 ga su shida, su kuma kowa a cire masa N3,500. Duka abin da zai fita daga hannunka a wata N46,200. Idan sitonka yana fitar da buhu 1,000 a wata, abin ya tashi wajen N46 a kan kowane buhu. Ka gwada wannan da kuɗin dako, da la'ada, da kuɗin buhun kansa, ka ga inda ya tsaya. Sa'an nan ka tambayi wanda ya taɓa kwantar da mai karaya a asibitin ƙashi na Dala nawa ya kashe.

Abin nufi shi ne, jinyar ma'aikaci tana cikin kuɗin kaya. Wanda ya sa ta a lissafi tun farko zai biya ta kaɗan-kaɗan daga riba. Wanda ya bar ta zuwa ranar tsautsayi zai biya ta gaba ɗaya daga uwar kuɗi, ko kuwa ya ƙi biya ya ɗauki hakkin mutum.

Masu neman kwangilar gwamnati su ma su sani, takardar shaidar biyan NSITF tana cikin abubuwan da ake nema a kwangilar Gwamnatin Tarayya. A 2025 kuma Shugaba Tinubu ya ba da umurni a riƙa neman takardar shaidar inshorar lafiya daga masu shiga kwangila.

Doka ta uku: tsohuwar Dokar Ƙwadago

Wannan tun 1974 take, kuma har yanzu tana aiki. Abubuwa uku a cikinta sun shafi maganarmu. Na ɗaya, cikin wata 3 da ɗaukar mutum aiki tilas a ba shi takarda mai bayyana irin aikinsa da ladansa da sharuɗɗan rabuwa. Na biyu, wanda ya kwanta ciwo, likita mai rajista ya ba shi takarda, yana da kwana 12 na aiki a shekara waɗanda za a biya shi ladansa ko da bai fito ba. Na uku, ba a sallamar mutum haka kawai da baki ranar da aka ga dama. Wanda bai wuce wata 3 ba, notis ɗin kwana ɗaya. Daga nan zuwa shekara 2, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa 5, mako biyu. Wanda ya kai shekara 5 ko fiye, wata guda, ko a biya shi kuɗin wa'adin. Mace mai ciki kuwa tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, kuma in ta yi wata 6 tana aikin, ba za a biya ta ƙasa da rabin albashi ba. Sai dai wannan doka ba ta lissafa iyalin maigida cikin ma'aikata ba, saboda haka ɗanka da ke tsaron kanti maganarsa dabam ce.

Idan an hana ka hakkinka

Yanzu kuma magana ta juyo kanku, yaran shago da direbobi da masu gadi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Abin da ya fi kashe hakkin ma'aikaci shi ne jinkiri da rashin shaida, domin dokar diyya tana da kwanaki ƙidayayyu.

Ka sanar da maigidanka cikin kwana 14 da jin rauni. Ka faɗi ranar, da wurin, da yadda abin ya faru. In ba ka iya tashi, wani naka ya je a madadinka. Shi kuma maigida doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga asusun, in mutuwa ce kuwa nan take. Neman diyya a rubuce cikin shekara ɗaya ake yinsa. Idan akwai uzuri mai ƙarfi ana iya karɓa har zuwa shekara 3, amma kada ka dogara da wannan. In asusun ya yanke hukuncin da bai gamshe ka ba, kana da kwana 180 ka nemi su sake dubawa, daga nan kuma sai kotu.

Ka je asibiti tun ranar farko, ko da za ka je wurin mai ɗori daga baya, domin takardar likita ita ce hukuma ke dubawa. Ka adana katin asibiti da rasit da hoton ƙashi. Ka riƙe sunayen mutum biyu ko uku da suka ga abin da idonsu. In ta banki ake biyanka, kada ka share saƙon da ke shigowa wayarka, shi ne shaidar cewa kana aiki a wurin da kuma nawa kake ɗauka. Idan aka kawo maka takarda aka ce ka dangwala hannu cewa ka yafe diyyarka, ka sani dokar 2010 ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi.

Ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa kuwa ga su bi da bi. Ka fara da maigidanka cikin ladabi, sa'an nan shugabannin layi ko na ƙungiyar kasuwa, domin magana da yawa a nan take mutuwa ba tare da an ɓata ba. In bai yiwu ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiharka, jami'anta suna kiran ɓangare biyu su sasanta. Maganar rauni ka kai ofishin NSITF. Maganar kati, kamar asibiti ya ƙi duba ka ko an cire kuɗinka ba a kai ba, ka kai ofishin NHIA ko hukumar lafiya ta jiha, su ma da sulhu suke farawa. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a wadda aka kafa a 1975, tana sauraron ƙorafi a kan ma'aikatu da kamfanoni kyauta.

Ƙofar ƙarshe ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. An kafa ta a 1976, kuma gyaran tsarin mulki na 2010, wanda ya fara aiki a 2011, ya mayar da shari'ar da ke tsakanin ma'aikaci da maigidansa hannunta ita kaɗai. Tana da zama a Kano da Kaduna da wasu manyan garuruwa, tana kuma da sashen sulhu. Saboda haka wannan ba maganar ofishin 'yan sanda ba ce, kada ka ɓata kuɗin motarka. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ita ma aka kafa a 1976. Dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar ma'aikaci cikin abubuwan da take tsaya wa talaka. Maigidan da bai yi rajista ba, ya kuma bar katako ruɓaɓɓe ko mota ba birki, shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali ya amsa maganar sakaci.

'Yan dako da dillalai fa?

A nan ne aka fi samun gardama. Ɗan dako yakan yi wa mutum biyar aiki a yini guda, ana biyansa buhu-buhu, wani lokaci ma ta hannun shugabansu. In ya ji rauni kowa sai ya ce ba yaronsa ba ne. Abin da alƙali kan duba shi ne wa ya kira shi aikin, wa ke ba shi umurni, wa ke biyansa. Wanda kullum a sitonka yake kwana yake tashi, da wuya ka ce ba ka san shi ba don kawai ba albashin wata kake ba shi ba.

Dillali kuwa mai cin la'ada yawanci ba yaron kowa ba ne, shi ne maigidan kansa. Ranar da ya kwanta, ciniki ya wuce, ba wanda zai nema. Shi ya sa ya fi kowa bukatar ya yankar wa kansa da iyalinsa kati. Hukumar tarayya tana da tsari na ɗaiɗaikun mutane da iyali da ƙungiyoyi, wanda ake kira GIFSHIP, hukumomin jiha ma suna karɓar masu sana'ar kansu. Waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da kalmar inshora ba, su je su ji yadda tsarin taimakekeniya yake, su kai wa malamansu su duba, maimakon su yanke hukunci daga nesa.

Gaskiyar da ba a ɓoyewa

Kowa ya san ba a cika ganin jami'i yana bin layi-layi a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau yana tambayar katin yara ba. Masu kati ma suna kukan dogon layi da "babu wannan magani, je ka saya a waje". Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a jinya a Nijeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa. Amma rashin mai bin sawu bai soke dokar ba. Tana nan tana jiran ranar da wani yaro zai sami lauya, kuma ranar ba ta sallama.

Shawararmu ga shugabannin kasuwanni ita ce su ɗauki abin nan a ƙungiyance, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gayyato jami'an NSITF da na hukumar lafiya su zo ofishin kasuwa su yi bayani da Hausa, a yi musu tambayoyi ido da ido. Ƙungiyar 'yan dako da ta dillalai su yi rajistar mutanensu a dunƙule, a riƙa cire ɗan wani abu daga kuɗin ƙungiya da ake tarawa dama. Kowane maigida kuma ya buɗe littafi guda, ko da ajami ne, ya rubuta sunan kowane yaro, da ranar da ya fara, da ladansa, da duk abin da aka kashe masa na jinya. Littafin nan zai kare yaro, zai kuma kare maigida ranar da aka ce bai yi kome ba.

Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.